Kwalabe Bakwai a Ƙarƙashin Matakala

Akwai labarin da kuka daɗe kuna bayarwa a kaina, ku 'ya'yana, kuma kullum ƙara ƙiba yake yi. Da Safiyya ta fara ba da shi a wajen sunan ɗanta, kwalabe goma sha biyu ne. Da ya biyo ta bakin Kabiru ya zama katan uku. Bara kuma na ji jikata tana gaya wa ƙawarta, da Turanci, cewa kakanta ya taɓa buɗe shagon giya a New York. Tun da na kai shekarun da ake ba da tarihin mutum yana zaune a wurin, gara in rubuta nawa kafin ku yanka mini lasisi. Kwalabe bakwai ne. Ba a buɗe ko ɗaya a gidana ba. Laifin da na yi dabam ne, kuma ya fi wanda kuke ɗora mini ban kunya, shi ya sa ban taɓa gyara muku ba.

Lokacin muna Tompkinsville, wata unguwa a kan tsibiri cikin New York, a gidan nan mai matakalar katako da ke kuka in an taka, wanda bangonsa ɗaya yake haɗe da na maƙwabta. Ina aiki a laburaren wata kwaleji a Manhattan, ina hawa feri, jirgin ruwan fito, safe da yamma, bayan shekarun da na yi ina koya wa yaran Kano adabin Turanci ba tare da sun nuna alamar za su yafe mini ba. Maƙwabcinmu shi ne Mista Sal, wanda kuke kira Baba Sal, dattijo ɗan asalin Italiya da ya yi ritaya daga aikin famfo, da matarsa Mama Roza. A sanyinmu na farko a gidan bayansa ya riƙe, ko sunkuyawa ba ya iya yi. Da dusar ƙanƙara ta sauka na share ƙofarmu da shebur, sai na ga babu ma'ana in tsaya cak a kan iyaka kamar ma'aikacin safiyo, na zarce na share tasa. Na yi haka sau uku ko huɗu. Ana saura kwana biyu Kirsimeti ya ƙwanƙwasa mana ƙofa, riƙe da doguwar kwalba an ɗaura mata jan ƙyalle a wuya.

Giyar inabi ce, ja. Na san abin da ya kamata in faɗa, kalmomin ba su kai goma ba, kuma Turanci sana'ata ce. Amma ga dattijo tsaye cikin sanyi, ya miƙo da hannu biyu, fuskarsa sai walwala take. Ni kuwa a gidan da na tashi, ko dutse baƙo ya miƙo maka sai ka karɓa ka yi godiya, ka nemi dalili daga baya. Mahaifina ya taɓa karɓar kyautar akuya mai tari, ya raka mai ita har bakin titi yana sa masa albarka. Sai hannuna ya yi abin da aka koya masa kafin bakina ya tuna nasa karatun.

Mahaifiyarku ta dubi kwalbar, ta dube ni.

"Malam, mene ne wannan?"

"Kyauta ce, Hajiya."

"Na ga kyauta ce. Wa zai sha?"

"Babu."

"To wa za ka ba?"

"Ai ba a bayar da ita."

"Sai ka zubar."

"Bangonmu ɗaya da mutumin nan, kuma mai aikin famfo ne. Da jin ƙarar ruwa zai san abin da ya bi ta bututu."

"Allah ya ba ka haƙuri da kanka," in ji ta. Ta koma kicin ta cika kwano da dambun nama da cincin, ta sa na kai musu, don a wajenta wanda ya kawo abu ba a barinsa haka, ko da abin da ya kawo matsala ce.

Da abin ya tsaya nan, da ba ni da babin da zan rubuta. Bayan sabuwar shekara muka haɗu da Mista Sal wajen fitar da shara. Farfesa yake kirana, duk da na sha gaya masa aikina jera littattafai ne.

"Farfesa, yaya ka same ta?"

"Ta yi daɗi ƙwarai."

"Ba ta yi maka nauyi ba?"

Ku da kuka tashi a hannuna kun san cutar malamin makaranta: ba ya iya ganin tambaya ta wuce ba amsa. Na ce, "Da fari ta yi nauyi kaɗan, amma daga baya ta sake." Har yau ban san inda na samo wannan ba, wataƙila daga wani tsohon littafin da na koyar. Idanunsa suka kawo haske. Ya ce 'ya'yansa maza biyu ba su san komai ba sai giyar gwangwani, ga shi Allah ya kawo masa mai baki har bango ɗaya. Ya san mu Musulmi ne, ba a ɓoye yake ba. Amma ya yi shekara talatin yana aiki da wani Musulmi ɗan Albaniya da ba ya ƙin kofi, don haka ya ɗauka abin ya danganta da gida, kamar yadda wasu Katolika ke cin nama ranar Juma'a wasu ba sa ci.

Daga nan kowace Disamba sai sabuwar kwalba, kuma ba da ka yake zaɓa ba. Abin da na faɗa bara shi yake bi ya zaɓo ta bana. In na ce waccan ta cika kauri, sai ya nemo mai sauƙi. In na ce ta yi zaƙi, sai ya kawo mai ɗan ɗaci. Ni kuma na shiga shiri kamar mai jarrabawa. A hawa na uku na laburarenmu akwai kanta guda ta littattafan inabi, da hutun rana nakan je in zauna da su kamar mai karatun ɓoye. A nan na koyi cewa ja da nama take tafiya, fara da kifi. Farar ana sanyaya ta, jar kuwa ba a kai ta firij, a buɗe ta a bar ta ta sha iska kafin a zuba. Shekarar da ke jikin kwalba ba ado ba ce, labarin damina ce, ko rana ta yi yawa ko ruwa ya ɓata gonar. Ana juya kofi a shaƙa kafin a kurɓa. Kuma kwalba kwantar da ita ake yi a wuri mai duhu da sanyi, don kada matoshinta ya bushe iska ta shiga. Da na karanta wannan sai na kasa barinsu a tsaye. Na kwantar da su a ƙarƙashin matakala, bayan akwatunan da muka yi aikin Hajji da su, na shimfiɗa musu tsohon bargo.

"Abin da ba ka sha, har shimfiɗa kake masa," in ji mahaifiyarku. "Ni da na haifa maka uku ban ga wannan gata ba."

Zan faɗi gaskiya tun da ita na zauna rubutawa: na ji daɗin shekarun nan. Hirarmu ta bakin shinge ta fi duk wata hira da na samu a ƙasar nan. Daga kwalba sai ya gangara zuwa gonar kakansa a gefen dutse, da yadda mahaifinsa ke sayo inabi akwati-akwati su matse a ɗakin ƙasa har gidan ya ɗauki tsami, maƙwabta su yi ta ƙorafi sannan su zo da kofunansu. Ni kuma in ba shi labarin Kano. Yana da ɗan littafin rubutu da yake sa duk abin da na ce. A shekara ta biyar kalmomin littafi suka ƙare mini, sai na ce ta bara ta tuna mini da ɗinya, wani ɗan itace baƙi da muke tsinka muna yara, mai zaƙi da ɗan maƙaƙi a ƙarshe. Ya sa na maimaita sunan sau uku ya rubuta. Disamba na zagayowa ya zo da kwalba daga kudancin ƙasarsu, ya ce ya tambayi shaguna huɗu.

"Tsofaffin itatuwa ne, a ƙasa mai zafi kamar taku. In akwai ɗinyarka a duniyar inabi, Farfesa, tana cikin nan."

Ranar ban iya cin tuwon dare ba. Amma washegari na koma hawa na uku.

Shekarar da abin ya fashe, ta dubu biyu da goma sha wani abu ce, Nana autarku ta shiga sakandare. Farkon Disamba Mista Sal ya tare ni ina dawowa daga feri. Ya ce zai cika tamanin, 'ya'yansa duka biyu za su zo da iyalansu, abin da aka daɗe ba a yi ba. A al'adarsu, jajibirin Kirsimeti ba a cin nama, kifi ake ci kala-kala har bakwai.

"Kai da Hajiya da yara duk za ku zo. Ranar Asabar kuma ka raka ni shagon giya. Na yi magana da mai shagon, zai buɗe mana huɗu ko biyar mu ɗanɗana. Kai za ka zaɓa. Bakina ya tsufa, na fi yarda da naka."

Shagon nan na san shi. Yana kallon shagon Alhaji Musa, mutumin Zangon Kumasi mai sayar da kayan abincin gida, inda rabin mazan unguwarmu ke tsayawa hira. Na hango kaina da hula da kaftani a bayan gilashi, ina juya kofi ina shaƙa, jama'a na kallo daga tsallaken titi. Ko da babu mai kallo ma, an zo inda littafi ba zai yi mini aiki ba. Ko in sha, ko in faɗa masa, in kuma na faɗa masa ina iya rasa shi. Ranar Laraba na je wajen Alhaji Musa na ja shi bayan buhunan shinkafa na zayyana masa komai. Ya yi dariya har ya dafa sikeli.

"Kai, Malam Kano! Shekara bakwai? Wallahi ko masu neman ƙuri'a ba su kai ka ba."

"Shawara na zo nema, Alhaji, ba yabo ba."

"Ka ce dokta ya hana ka. Ka ce suga."

"Wata ƙaryar ke nan."

"Ƙarya ɗaya ya rufe bakwai, ina asara a nan?"

Na dawo gida na gaya wa mahaifiyarku shawarar. Tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba.

"Sai ya shiga nemo maka wadda masu suga ke sha. Malam, ɗauki kayan mutum ka kai masa. Ba giyar ce ke damunka ba, kunyar a ce Farfesa bai sani ba ce."

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na jera su a katan ɗin taliya na fito. Daga ƙofarmu zuwa tasa taku goma ne. A cikin taku goman nan Allah ya kawo motar wasu 'yan ƙungiyarmu ta 'yan Arewa, sun biyo sauke wani. Kwalabe kuwa ba su san sirri ba, kowane taku sai sun gaisa da juna, ga wuyansu a waje da jajayen ƙyallaye. Na gaban motar ya sauke gilashi, ya dubi katan, ya dubi hulata.

"Malam, sannu da aiki."

"Yauwa, sannunku," na ce. A nan aka haifi labarin da kuke bayarwa.

Na same su a kicin, Mama Roza tana soya albasa. Na ajiye katan a kan tebur na yi bayani a tsaye, kamar ɗalibin da aka kama da takarda a aljihu. Mista Sal ya sa tabarau, ya dinga zaro su ɗaya bayan ɗaya, yana karanta jikin kowace yana jerawa. Ƙullin ƙyallayen ma nasa ne, ba a kwance ba.

"Ko ɗaya?"

"Ko ɗaya."

"Ɗinyar fa?"

"Ɗinya gaskiya ce, akwai ta. Sauran ne nawa."

Sai muka ji wani sauti daga wajen murhu. Mama Roza ce, ta riƙe ciki, hawaye na zuba, kuma ba na albasa ba ne. Ashe tun shekara ta biyu mahaifiyarku ta gaya mata wajen shanya.

Mista Sal ya juya gare ta. "Kin sani, Roza? Me ya hana ki faɗa mini?"

"Ka samu abin yi! Ka daina bina kicin kana kwance famfon da lafiyarsa ƙalau."

Shi bai yi dariya ba. Ya cire tabarau ya ninke, ya daɗe yana kallon kwalaben.

"Ba ka sha, wannan ba komai ba ne," ya ce. "Abin da ya dame ni, ka ɗauke ni mutumin da ba za a iya ce wa a'a ba. Shekara bakwai ina zaton da abokina nake hira, ashe da kantar littattafai nake."

Na bar masa katan ɗin a kan tebur. Na fito.

Asabar ta wuce ba a ƙwanƙwasa ba. Lahadi ƙanƙara ta sauka, na fito da shebur da sassafe na tarar ya riga ni, ya share nasa da wannan bayan nasa, ya tsaya daidai kan iyaka. A taron ƙungiya na mako mai zuwa, addu'ar buɗewa da na yi shekaru ina yi sai aka ce wane ya buɗe mana. Ba wanda ya ce mini komai, kuma ba ta dawo hannuna ba sai bayan shekara guda. Wannan bai ci mini rai kamar layin da ke cikin ƙanƙara ba. Kwana shida ina jin tarinsa ta bango, ba mu gaisa ba.

Ranar Alhamis da yamma aka buga ƙofa da ƙarfi. Shi ne, da kwat da hular sanyi da ɗan littafinsa.

"Sa takalminka. Har yanzu ina fushi, amma ranar tana matsowa. In ba ka shan nawa, me kuke sha? Kada ka ce mini lemon kwalba, ba za a ajiye wannan kusa da kifin Roza ba."

Kafin in buɗe baki mahaifiyarku ta amsa daga ciki: "Zoɓo!"

Haka muka shiga shagon Alhaji Musa, ni da dattijon Bature, masu hira suka bi mu da kallo. Alhaji ya buɗe mana buhu uku: baƙin zoɓo na gida, ja mai haske da ake kawowa daga Senegal, da fari wanda ni kaina na manta akwai shi. Mista Sal ya ɗebi kowanne a tafi, ya murza, ya kai hanci, ya rufe ido.

"Wannan na wace shekara ne?"

Alhaji ya dube ni, ya dube shi. "Shekaran da kwantena ya iso."

"A wace irin ƙasa ya fito? Yashi ko laka?"

"Malam Kano, gaya masa a ƙasan Allah ya fito. Mu sobolo muke ce masa, muna sha, ba mu tambayan iyayensa."

Muka sayi duka ukun, da citta da kanumfari da abarba. Washegari mahaifiyarku ta dafa kala uku: baƙin da citta da kanumfari, jan da ɓawon abarba, farin da na'a-na'a da lemon tsami. Mista Sal ya zo da kofunan gilashi masu dogon wuya, Mama Roza ta biyo shi tana cewa sababbi ne fil, ba a taɓa zuba komai a ciki ba. Ya ɗaga na farko ya duba a hasken taga, ya juya, ya shaƙa, ya kurɓa ya riƙe a baki. Ku ukun kuna tsaye a bakin ƙofa kuna ƙunshe dariya.

"Hajiya, wannan sukari ya kashe shi."

Shekara talatin ba a taɓa kushe zoɓon mahaifiyarku ba, ko a Kano ko a nan. Ta juyo gare ni, da Hausa.

"Malam, me ya ce?"

"Kin ji shi sarai, Hajiya."

"Mutumin da bai san zoɓo ba sai jiya?"

"Gaskiya muke yi yanzu a layin nan. Ke kika kawo tsarin."

Ta karɓi kofin ta kurɓa, sannan ta ɗauko wanda ba a sa wa sukari ba ta tsinka shi. Ba ta ce ya yi daidai ba, kuma har gobe ba za ta ce ba, amma tun daga ranar cokali biyu ta rage. Sai Mista Sal ya turo mini kofi.

"Yanzu kai. Kada ka gaya mini abin da ka karanta."

Na kurɓa. Sai na gane shekara sittin ina kwankwaɗar zoɓo kamar mai kashe gobara, ban taɓa tsayawa na ji shi ba. Na ce tsami ne ke fara isowa ta gefen baki, sannan wani ɗan ƙamshi kamar na ƙasar da aka yayyafa wa ruwa, citta kuma ba ta zuwa sai an haɗiye, ta zauna a maƙogwaro tana ɗumi. Ya rubuta duka.

"Ka ga? Kana da baki. Shekara bakwai ka bar shi a aljihu."

Muka yanke hukunci kamar alƙalai: farin, da sanyi sosai, shi zai raka soyayyen kifi da jatan lande. Jan zai bi taliya mai miyar tumatir. Baƙin a ajiye shi sai an zo kayan zaƙi. A nan kuma na gwada sabuwar ɗabi'ata, na ce masa ba zan iya zama a teburin da aka ɗora giya ba. Ya ɗaga kafaɗa.

"Sai a bar ta a kicin. Ka ga wahalar faɗa? Daƙiƙa biyar."

Ranar jajibirin Kirsimeti mun shiga gidansu bayan sallar magariba. An haɗa tebur biyu, mutum goma sha tara, tulunan zoɓo uku a tsakiya kamar manyan baƙi. Kwalabe bakwai kuwa suna kan kantar kicin, duk mai so sai ya tashi ya je. Da babban ɗansa ya ce ai yawancinsu ja ne, ba su dace da kifi ba, sai uban ya ce yau doka ta tafi hutu. Abin da ban yi tsammani ba shi ne littafin. Duk kwalbar da aka buɗe sai ya je ya ɗanɗana, ya dawo bakin ƙofa ya buɗe shafi, ya karanta wa jama'a abin da na taɓa faɗa a kanta.

"Shekara ta uku. Farfesa ya ce tana ƙamshin itace da hayaƙi. Babu itace, babu hayaƙi. Sifili!"

Aka yi tafi. Kabiru, wanda na taɓa hana shi fita mako guda saboda makin lissafi, ya fi kowa tafawa.

"Shekara ta huɗu. Ya ce tana da kunya da fari. Hm. Rabin maki, kuma sa'a ce."

"Ina neman a sake duba takardata," na ce.

"An rufe ƙorafi. Amma ku ji wannan," ya ɗaga yatsa, "ko ɗaya ba ta lalace ba. Da ni ne, da na sha su tun tuni suna ɗanye. Mutumin nan maƙaryaci ne, amma a duk tsibirin nan babu wanda ya kai shi iya ajiya."

Na fita da maki ɗaya da rabi cikin bakwai, mafi munin sakamakon da na taɓa samu, kuma ban taɓa jin daɗin faɗuwa irin ta ranar ba. Jikokinsa suka yi ta yawo da jajayen leɓɓa. Surukarsa mai juna biyu ta rungume tulun farin zoɓo ta ce a shekaru ba ta taɓa samun abin sha na manya a bikin nan ba tare da an ba ta ruwan yara ba. Mahaifiyarku da Mama Roza suka zauna gefe guda suna nuna mu da cokali suna dariya, kowacce da irin Turancinta. Ku kuma kuka cinye kifi kala bakwai kuna tambaya da Turanci ko za a sake gayyatarmu baɗi. An sake, har sau biyar.

Ban rubuta wannan don ku ce Baba ya sassauta ba. Daga baya na tambayi malamai biyu. Ɗaya ya ce da na zubar, ɗaya ya ce mayar wa mai abu kayansa ya fi. Inda suka haɗu shi ne tun a bakin ƙofa ya kamata in ce a'a, in kuma faɗa da fara'a. Kun tashi a ƙasar da ake miƙo muku abubuwa da yawa da hannu biyu, kuma yawancin masu miƙowar da zuciya ɗaya suke yi. Sun fi ƙarfin a lallaɓa su.

Bayan shekara biyu da wannan biki, wata safiyar Asabar, Mista Sal ya shigo mana da ambulan daga asibiti. Idonsa ya yi rauni, ƙananan rubutu sun gagare shi. Ya ce Roza da yaran sun karanta masa, kowa ya ce babu komai, shi kuwa bai yarda da yadda suke murmushi ba.

"Karanta, Farfesa. Abin da takardar ta ce nake so, ba abin da zai yi mini daɗi ba."

Na karanta sau biyu. Na ce zuciyarsa da sauran ƙarfi, likita ya gamsu, amma sabon maganin da aka ɗora shi a kai ba ya haɗuwa da giya. Ba kofi ɗaya ba, ba rabi ba, ko a Kirsimeti.

Ya daɗe yana kallona ta saman tabarau.

"Shekara bakwai kana mini ƙarya ba na buƙata," ya ce. "Yau da ƙwaya ɗaya za ta yi mini amfani, ka tuba."

Ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya leƙa ta ƙofar kicin.

"Hajiya! Baƙin nan mai citta, akwai saura?"